Shaidar Annis a Kunnen Dama

A Harnwick ba wanda zai ce maka kanzil don ka sa an sassaƙa dutsen kabarinka tun kana da sauran numfashi. Mu mutane ne masu son a gama aiki da wuri. A sa suna, a sa shekarar haihuwa, a bar gurbin ɗaya shekarar, ka riƙa leƙawa ran Lahadi kana cire masa ciyawa. Rabin tsofaffin garin haka suka yi. Amma a iya sanina Elva Rudland ce kaɗai ta kafa nata don ta ci faɗa da shi. Yanzu an cike mata ɗaya gurbin, 1998 aka sa, sai dai faɗan ta gama cin sa tun tana tafiya da ƙafafunta, kuma sai an koma baya kafin a gane yadda abin ya kai can.

An haife ta a 1917, a gonar da ke bayan tudun coci, gonar da duwatsunta suka fi ƙasarta yawa. Ubanta Amos kiwon tumaki yake yi, mutum ne da in ya ce maka "to" da safe ya gama hirar ranar. Uwarta Odile daga Quebec ta gangaro neman aiki, tana jan zare a masaƙar garin Amos ya gan ta ya aura, danginsa kuwa suka yi kamar ba su ji labari ba. Elva ce kaɗai 'yarsu. Da yake ba ɗa namiji, ita ke riƙe 'yan tumaki in an zo yi musu shaida da bazara, kafin ta cika shekara goma wuƙar ta dawo hannunta. Shaidar gidansu a kunnen dama take: tsaga mai baki biyu kamar gwafa, sai huda guda a ƙarƙashinta. Ta taɓa tambayar uban dalilin wannan shaida, ya ce haka ya tarar, ya miƙo mata na gaba. Ɗan wan ubanta, Lyman, wanda ya girme ta da shekara uku, akan turo shi daga cikin gari ya taya su. Ranar farko da ya ga jini sai da aka yayyafa masa ruwa, kuma Elva ba ta bar shi ya manta ba har suka yi furfura.

Ran Asabar ta biyu ta watan Agusta, duk wani mai jinin Rudland yakan hallara a inuwar itatuwan coci, wasu daga Ohio, wasu har daga California. A ci gasasshen wake mai zaƙi da dafaffiyar masara da faten kifi da madara, a toshe sauran gurbin da kek ɗin tuffa. In an share baki sai a zo kan abin da ya tara mutane. Kowa ya miƙe, ɗaya bayan ɗaya, ya jero salsalarsa da ka, wane ɗan wane, har ya dire kan Barnabas, wanda ya sauka daga jirgin ruwa a 1638 ya sari dajin nan. A nan ɗin ma ba a tsayawa, sai an ɗaga murya an ƙara da cewa, "ɗan Sa Edmund Rudland, mai gidan sarautar Wenlow a Ingila." Daga nan a ɗebi furanni a yi jerin gwano zuwa tsohuwar maƙabarta, a zuba a kabarin Barnabas, a watse sai baɗi.

Wannan Sa Edmund daga littafin dangi ya fito, wanda Rabaran Hosea Rudland ya buga a 1889. Rabaran bai taɓa taka Ingila ba. Wasiƙa ya rubuta wa wani mai binciken asali a Landan ya ce a nemo masa Barnabas Rudland, mutumin kuwa ya duba ya aiko masa da wanda ya fi kowanne kyau, haɗe da tambarin gida, garkuwa mai tsuntsaye uku. Tun daga nan tsuntsayen suka yi ta ƙyanƙyasa. Suna jikin faranti, suna jikin zobe, suna jikin akwatin wasiƙa na ƙofar gida. Na san wani Rudland mai gyaran famfo da ya sa aka zana masa su a ƙofar motar aikinsa.

A 1929 aka sake buga littafin da ƙarin sababbin haihuwa. Elva tana da shekara goma sha biyu, ta samu aka ba ta ta riƙe a wurin taron, ta yi ta buɗawa har ta kai shafin gidansu. An rubuta cewa Amos ya auri Odile, sai wani dogon layi a inda sunan gidan su Odile ya kamata ya zauna. Haka masu wannan aiki suke yi wa macen da asalinta ya ɓata, galibi wadda ta shekara ɗari biyu a ƙasa. Odile kuwa tana nan da ranta, a ɗakin girkin coci, taku ashirin daga teburin da aka ajiye littafin, hannunta tsundum cikin ruwan wanke-wanke. Ba wanda ya ga ya kamata ya taka ya tambaye ta. Elva ta zaro fensir daga aljihun rigarta ta rubuta Marcoux a kan layin, manya-manya. Wata gwaggonta ta make mata hannu ta ce ta ɓata littafi. Ba ta yi kuka ba, amma ranta ya yi ɓacin da bai sake gyaruwa ba, kuma ina ganin daga wannan rana aka samu Elvar da muka sani.

Shekara talatin da huɗu ta yi a ofishin rajistar filaye tana kwafe tsofaffin takardu. Ta iya karanta rubutun mutanen da, wanda in ka kalla sai ka ce kaza ce ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ba ta yi aure ba. Wani mai sayar da taya ya nema har sau biyu, ta ce ta auna ta ga tumakinta sun fi shi hira. Ran hutu kuwa farautar layuka take fita. Ta shiga tsohuwar motarta ta bi garuruwa, coci-coci, kotu-kotu, maƙabarta-maƙabarta, tana neman sunayen matan da aka ja wa layi a littafin Rudland. Ta cike ɗari biyu da goma sha huɗu. Dangi ba su wani damu da matan ba, amma sun ga ba wanda ya kama ƙafarta a sanin takardu, sai a 1961 suka damƙa mata riƙon littafin. Ƙa'idarta guda ce, kowa ya haddace ta don yawan ji: abin da ba ta gani da idonta ba, ba ta rubutawa.

Lyman kuwa ya zama hedimasta, ya yi ritaya, ya zama shugaban ƙungiyar dangi, da taye mai tsuntsaye uku a wuyansa ko ana zafin da kare ke zazzago harshe. Kada a ɗauka mugu ne. Mutum ne mai son komai ya zauna a mazauninsa, irin wanda zai dawo maka da wasiƙarka ya bi ta da jan biro. Shi ne kuma ya kafa kwamitin kwafe rubutun duwatsun tsohuwar maƙabarta, don a kai littafin babban ɗakin karatu na jiha kafin ruwa da ƙanƙara su cinye haruffan. Da hannunsa ya rubuta musu doka: kowane dutse, layi-layi, ba tsallake, a kwafe abin da aka gani, ba gyara, ba ƙari, in akwai zane a zana. Ya taɓa korar matar likita daga kwamitin don ta gyara wa wani mamaci lissafin shekarunsa. Shi da Elva kullum cikin tsiya suke, tana ce masa Shugaba da wata irin murya, yana ce mata 'yar tumaki, amma in motarta ta ƙi tashi shi take kira.

Abin ya faro ne da bazarar 1985. Ta rage tumakin sun koma takwas, amma ba ta fasa yi musu shaida ba. Ta tsaga kunnen wani ɗan tunkiya, ta huda, ta ɗaga shi wajen rana don ta ga ko ta fita sosai, sai ta tsaya da shi a hannu yana ta kuka. Ta san wannan siffa a wani wurin da ba kunne ba. A ƙasan kowace takarda da Barnabas ya sa wa hannu, ba suna yake rubutawa ba, alama yake yi: gwafa, da ɗigo a ƙarƙashi. Ta ga alamar nan ya fi sau ɗari, ba ta taɓa haɗa ta da wuƙar hannunta ba. Littafin Rabaran ya ce wuta ce ta ƙone masa hannu da ya tsufa, shi ya sa ɗan gidan sarauta da ya yi jami'a ya koma yin alama irin ta waɗanda ba su yi karatu ba. Washegari ta koma tsohon ofishinta ta sa aka fito mata da takardar filinsa ta farko, ta 1641. Gwafa da ɗigo na nan, lokacin yana ɗan shekara ashirin da bakwai, hannunsa lafiya lau. Ta duba littafin gari inda ake rajistar shaidar dabbobi, ta ga sai a 1652 ya yi rajistar ta tumakinsa. Ke nan ba daga kunnen tunkiya ya ɗauko alamar ba, da abarsa ya ƙetaro teku.

Ba ta faɗa wa kowa ba, don ba ta gani ba tukuna. A lokacin ana shirin bikin cika shekara ɗari uku da hamsin da saukar Barnabas, wanda zai faɗo a 1988, za a kafa allon tagulla a kuma sake buga littafi. Kwamitin ƙungiya ya ce ya kamata wani ya je Ingila ya ɗauko hoton gidan Sa Edmund. Elva ta ce za ta. Tana da shekara sittin da tara, ba ta taɓa hawa jirgin sama ba, ta bar wa maƙwabciyarta tumaki ta tafi da takalmin roba a jaka.

Gidan sarautar ta same shi an mai da shi makarantar kwana, ta ɗauki hotonsa kamar yadda aka aike ta. Sai ta shiga cocin Wenlow. Tana tafe tana karanta bango, ta ji ƙasan takalminta ya taka rubutu, ta ja da baya ta duba. Ashe a kan Barnabas Rudland take tsaye, ɗan Sa Edmund, wanda ya rasu a 1671 a nan Wenlow ɗin, bayan ya shekara talatin yana alƙalancin yankin, ya bar 'ya'ya goma sha ɗaya. Bawan Allah ko bakin teku ba a ce ya je ba. Kusan shekara ɗari ana miƙewa a Harnwick ana ɗaga murya da sunan ubansa, shi yana nan kwance abinsa ana bi ta kansa duk Lahadi. Elva ta zauna a benci ta yi ta dariya har matar da ke jera furanni ta zo ta tambaya ko lafiya.

Da wani ne da ya tsaya nan. Ita kuwa ba korar Sa Edmund ta zo yi ba, nasu Barnabas take nema. Mako uku ta yi a ɗakin ajiyar takardu na yankin, ta bar akwatunan manya ta ce a kawo mata na matalauta, waɗanda dattawan coci suka tara a ƙauyukan kewaye. Ba mai taɓa su, ƙurarsu har tari ta sa ta. Ran Alhamis ta mako na uku, a akwatin wani ƙauye da ake kira Brundle, ta warware wata 'yar fatar rubutu da ta ƙanƙance. An rubuta a 1621 cewa dattawan coci sun ba da yaro Barnabas, ɗan shekara bakwai, ɗan Annis Rudland mai wankin ulu, uba ba a sani ba, ga wani makiyayi, ya yi masa barance ya koyi kiwo har ya cika ashirin da huɗu. Dattawan sun sa hannu da sunayensu. A can ƙasa, inda aka ce uwar ta yarda, ga gwafa, ga ɗigo a ƙarƙashi, tawadar ta ɗan fantsama kamar hannun bai tsaya daidai ba.

Elva ba mai kuka ba ce, ko ranar da aka binne uwarta ba a ga hawayenta ba. Ranar ta yi, har ma'aikaciyar wurin ta janye fatar kada ta jiƙe. Tausayi ne ya kama ta, da wani irin fushi. Matar nan ba miji, ba gida, ba ta iya rubuta sunanta ba, abin da ta mallaka a duniya daga yaron sai wannan alama, kuma rana ɗaya aka sa ta yi alamar ta ba da yaron. Yaron ya gani, ya riƙe. Littafin cocin ya nuna an binne Annis cikin hunturun 1637, shekara ta zagayo wa'adinsa ya cika ya hau jirgi. 'Yarsa ta fari a Harnwick Annis ya sa mata. Sannan ya yanka alamar a kunnen tumakinsa, ɗa ya karɓa daga uba har hawa tara, ta iso hannun Elva ba wanda ya san ta wace ce.

Ta dawo ta baje hotunan a teburin girkin Lyman da rana tsaka, gaban 'yan kwamitin ƙungiya su biyar, matarsa na zuba musu kofi. Lyman ya sa tabarau ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Hedimasta ne, tun a hoto na biyu ya gane. Ya ce masu suna Barnabas ai da yawa. Ta nuna masa shekarun. Ya ce alama kowa na iya yin irinta. Ta nuna masa sunan 'yar fari. Sai ya cire tabarau ya ce an riga an zuba tagulla, an kuma aika wa mutum ɗari huɗu takardar gayya da tsuntsaye a kai.

"A narkar," in ji Elva.

"Ke kin san abin da kike so in tashi in faɗa? In ce wa mutane ku taso daga California ku zo ku ji kakanku shege ne?"

"Kakanmu dai, Shugaba. Har da kai da tayenka."

"Elva, tsofaffi ne fa. Gwaggo Prudence shekararta casa'in da ɗaya, da zoben nan ta ce a binne ta. Me zai rage ki da shi in kin bar su da abinsu?"

"Ni ba abin da zai rage ni da shi. Annis fa? An karɓe mata ɗa tana ji tana gani, yanzu ku sake karɓe shi ku ba wani mai hali da yake da nasa ɗan da jikoki goma sha ɗaya. Ba da hannuna ba."

Aka ce a ɗaga hannu. Biyar suka ɗaga, ita kaɗai ta bar nata a cinya, littafi zai fita yadda yake. Ta ce ba za ta sa sunanta a kai ba. Lyman ya ce to sai ta kawo akwatunan takardun dangi. Aikin shekara ashirin da biyar, ta loda shi a bayan mota ta kai masa har ƙofa, ta ƙi yarda ya kama mata ko ɗaya.

A taron 1987, da layi ya zo kanta, ta miƙe ta gyara hula. "Elva 'yar Amos, ɗan Hiram, ɗan Seth, ɗan Jotham, ɗan Nathan, ɗan Josiah, ɗan Ebenezer, ɗan Samuel, ɗan Barnabas makiyayi, ɗan Annis mai wankin ulu." Ta zauna. Gwaggo Prudence, da ba ta ji sosai, ta tambaya wace ce Annis, aka ce mata ba kowa. Shekarar biki sai aka sauya tsari, wai don mutane sun yi yawa, sakatare ne zai karanto salsalar kowa daga littafi. Aka kafa tagulla, aka buga littafi, da Sa Edmund da tsuntsayensa. Ta aika bincikenta wata mujallar masu wannan sana'a, suka buga a shafi biyu, waɗanda suka karanta ba su cika mota ɗaya ba, kuma ba Rudland a cikinsu. A kanti wasu suka daina gaishe ta, ita kuwa ta ci gaba da gaishe su da ƙarfi don kowa ya ji ba su amsa ba. Amma a ranta abin yana cin ta. An rufe mata baki, an rufe mata littafi, ga shekara saba'in da ɗaya, kuma ta san ranar da ta kwanta dama sunan Annis ya bi ta.

Sai ta tuna abin da yawon maƙabarta ya koya mata. Littafi ana sake shi, takarda tana ƙonewa, amma duk mai neman asali, ko bayan shekara ɗari biyu ya zo, dutse yake fara durƙusa wa. Filin kabarinta tun ubanta na raye aka yanka, kusa da na iyayenta, a bakin 'yar hanyar da ke zuwa kabarin Barnabas, ba yadda za a yi ka kai masa fure ba ka bi ta gaban wurin ba. Ta je wurin tsoho Ruggiero mai sassaƙa, ta ce ba ta son baƙin dutsen nan mai ɓarewa, mai tauri take so wanda ake kawowa daga Vermont, kuma a nutsa haruffan sosai. Ya karanta takardar da ta miƙa masa, ya ce wannan ai ba kabari ba ne, jarida ce. Ta ce ya ƙara wa dutsen tsawo.

Hawa goma aka jera, kowane namiji da cikakken sunan matarsa, ba wadda aka ja wa layi. Odile Marcoux a sama, Annis Rudland ta Brundle, mai wankin ulu, a can ƙasa, sai gwafa da ɗigo faɗin tafin hannu. Aka kafa shi cikin Yulin 1989, mako uku kafin taro. Ƙungiya ta kai ƙara wurin masu kula da maƙabarta, aka ce musu fili nata ne, kuma ba zagi a jiki. Wani ya kawo tukunyar shuka mai yawan ganye ya ajiye a gaban dutsen, ta ɗauke ta kai gida ta dasa, ta aika wa ƙungiya katin godiya. Ranar taro ba ta je cin wake ba. Ta ɗauko kujera mai naɗewa da laima da burodinta, ta zauna a gefen kabarinta, jerin gwano ya zo wucewa tana gaishe su ɗaya ɗaya da suna. Manya suka riƙa kallon sama kamar masu duba hadari. Haka ta yi a shekara ta biyu da ta uku.

Duk wannan lokaci masu kwafe duwatsu na nan suna aikinsu, layi-layi. Sun gama na ɗaya zuwa na goma sha uku, sai suka tsallaka na goma sha biyar, suka bi har ƙarshen maƙabarta, suka dawo suka sake duba waɗanda suka gama. Kowa a gari ya san abin da ke layi na goma sha huɗu. Ɗakin karatu ya rubuto sau biyu yana tambayar littafi. 'Yan kwamitin suka ce su ba ruwansu, wanda ya kafa doka shi ya san yadda zai yi da ita. Wasu suka ba Lyman shawara ya ce duwatsun rayayyu ba sa ciki, amma ya riga ya kwafe na rayayyu sittin, har da nasa.

Wata safiyar Talata cikin Oktoban 1991 ya zo shi kaɗai, a ranar da ya ji an ce za ta ganin likitan ido. Ya faro layin daga ɗaya gefen, ya bar nata ƙarshe. Kafin ya iso tana zaune a kujerarta da bargo a gwiwa. Daga tagar girkinta ana hango ƙofar maƙabarta, ta fasa zuwa wurin likitan.

"Sannu da aiki, Shugaba."

Ya tsaya da littafi a hannu, shekararsa saba'in da bakwai, gwiwoyinsa sun daɗe da yi masa tawaye. Can ya ce ta dai san wannan ba yarda ya yi ba. Ta ce ita ba ta nemi yardarsa ba, dokar ma ba ta ce a yarda ba, cewa ta yi a kwafe. Ya ce zai iya sa ɗan bayani a ƙasa cewa ƙungiya ba ta amince ba.

"Ba gyara, ba ƙari," in ji ta. "Ko in kira matar likita ta tuna maka?"

Ya shimfiɗa jaridarsa a ciyawa ya durƙusa da ƙyar, domin layukan ƙasa ba sa karantuwa daga tsaye, kuma da gangan ta sa aka yi su haka. Ya fara daga sama. Ya rubuta Odile Marcoux, ya ɗan dakata, ya ce kek ɗin tuffa na matar nan har yau bai ci irinsa ba. Elva ta ce da ya faɗa mata tana raye. Ya ci gaba hawa-hawa, biro na ƙara a kan takarda, har ya rubuta Barnabas makiyayi. A nan hannunsa ya tsaya, ya daɗe. Elva ta san halinsa: zai iya rufe littafin ya tashi ya ajiye shugabancin kwamitin, layi na goma sha huɗu ya tafi a haka. Ta haɗiye duk baƙar maganar da ta zo mata baki, karo na farko ke nan a rayuwarsu da ta bar masa fili. Sai ya sunkuya ya rubuta Annis Rudland ta Brundle, mai wankin ulu, da kyakkyawan rubutun nan nasa na hedimasta.

Saura zane. Elva ta buɗe baki za ta ce masa ɗigon a ƙasa yake, kada ya kai shi tsakiya, sai ta ga bai ma ɗago ya kalli dutsen ba. Ja biyu ya yi, ya ɗiga, kamar yadda Amos ya koya musu su biyu a bayan garke shekara sittin da biyar da suka wuce. Ya zura wa abin da hannunsa ya yi ido.

"Kunnen dama," ya ce a hankali.

"Kunnen dama," in ji ta. "Yau dai ba ka suma ba."

Ya nemi tashi gwiwa ta ƙi, ya miƙo mata hannu ta ja shi. Ta ce ya dakata. Ta karɓi littafin tukuna, ta kai shi kusa da idonta, ta karanta layin ƙarshe harafi-harafi, sannan ta kama hannun nasa.